Zanen Maigida Bai Bushe Ba

Olevano, Italiya
4 ga Nuwamba, 1868

'Yata Sietske,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya maigidanki da yara? Ƙafar autanki Jelle ta warke? Fada, limamin cocin garin nan, ne ke rubuta mini wannan, kin san hannuna dutsen niƙan launi kaɗai ya sani.

Maigida Wybrand ya rasu ran Talata. Mun binne shi, na dawo na wanke masa buroshin zane. Ban yi kuka ba. Shekara talatin ina ɗaukar masa kaya a kan duwatsu yana zana itatuwa da gajimare, ko sannu bai taɓa ce mini ba. Sai dai, "Douwe, tsohon jaki, shuɗin nan ya yi kauri."

Kin ce in taho gida kafin ƙanƙara ta rufe hanya. Ba zan taho ba. Zanensa na ƙarshe, na kwarin nan, bai bushe ba, don da mai marar saurin bushewa ya sa na haɗa launin. Wani dillalin zane daga Roma ya ce in naɗe shi kamar tabarma. Na ce, "Je ka naɗe gemunka." In aka naɗe yanzu, sama za ta manne da ƙasa.

Lafiyata ƙalau, tarin ne kawai, jinin ma ba kullum ba. Ki aiko safar ulu. Likita ya ce zanen ba zai bushe ba sai Afrilu, ni kuma wai ba zan kai lokacin ba in na zauna a ɗakin nan. Na ce wa ya tambaye shi?

Kowace safiya ina taɓa gefen zanen da ɗan yatsa. Yau ma launin ya kama yatsan.

Allah ya raya miki yaran.

Babanki,
Douwe