Na Karya Dokarka, Abban Hafsa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga maigidana, Abban Hafsa.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawar da ta dace da kai, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahamarSa, Ya yalwata maka makwanci. Na san wannan wasiƙa ba za ta iske ka ba, masu bin shafina ne za su karanta. Su karanta, ba komai, amma ba da su nake ba. Da kai nake, kuma laifi na zo amsawa.

Na karya dokarka.

Ka san wadda nake nufi, ta Turawan nan naka guda huɗu, 'yan Ingila masu jita da ganga. Ka sha ba ni labarin yadda ka fara jin faifansu a shagon kawunka a Fagge kana yaro, ka taho da son su har New York, ka yi shekara goma sha tara kana tuƙa tasi suna yi maka rakiya. Duk abin da suka rera tare kana da shi a kwalin nan na ƙarƙashin gado. Amma abin da kowannensu ya yi shi kaɗai bayan ƙungiyar ta watse, ka haramta shi. Cewa kake yi, "Su huɗu na sani. Wanda ya ware, ba ya shiga motata, ba ya shiga gidana."

Na sha yi maka tsiya a kan wannan. Mutanen da suka rabu tun kana yawo ba wando, ba ka haɗa uwa da su ba, ba ka haɗa uba ba, kai ne kake ɗauke da fushinsu har furfura ta fito maka. Sai ka yi dariya ka ce ba zan gane ba. Gaskiyarka, a lokacin ban gane ba, kiɗan Turawa duk ƙara ɗaya ce a kunnena.

Hafsa ce ta gane. Duk safiyar Lahadi idan za mu titi na 116 sayo kuka da daddawa, ita ce a kujerar gaba, ni a baya kamar fasinjar da kuka tsinta a hanya. Ku yi ta rerawa, kana buga sitiyari, tana kama muryar sama. Ina cewa ku rage, kuna ƙarawa. Ba zan ɓoye maka ba, ina jin haushi wani lokaci, don abin naku ne ku biyu, babu gurbina a ciki.

Da Allah Ya karɓe ka, tana da shekara goma sha huɗu. Bayan an watse daga zaman makoki ta ja kwalin ta kai ɗakinta. Wata da watanni ina jin su ta bango, daga faifan farko har na ƙarshe, ta sake komawa farko. Rannan kuma sai ɗif, ta daina. Ɗakin ya yi shiru, ita ma ta yi shiru. Ko me na tambaye ta, amsa ɗaya ce, "I'm fine," wai lafiyarta ƙalau, ta mayar da ƙofa. Fiye da shekara muna haka, gida ɗaya, tukunya ɗaya, ba hira.

Ni ma ban kyauta ba. Ka san bakina. Akwai ranar da na tsaya a ƙofarta na ɗaga murya na ce ba ita kaɗai aka yi wa mutuwa ba, ni ma mijina na rasa. Gaskiya na faɗa, amma ba abin da yarinya take bukatar ji ba ke nan. Har yau ina nadamar wannan magana.

A watan Janairu ƙanwarka Rabi ta kira ni daga Columbus. Ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce Hafsa ta roƙe ta ta koma wurinta da zama idan an rufe makaranta a watan Yuni. Ba laifin Rabi, amana ta yi da ta gaya mini. Abin da ya ƙona mini rai shi ne 'yata ta tsallake ni ta kai maganar wata jiha, alhali ɗakina da nata taku biyar ne. Na ce wa Rabi to, Allah Ya kai mu. Washegari a cikin jirgin ƙasa ina hanyar aiki na yi kuka a gaban mutane, kuma ka san mutanen garin nan, ba wanda ya ɗaga kai.

Har yanzu ina aikin kula da tsohon nan na Manhattan, Baturen da ƙafafunsa suka ƙi amma bakinsa na nan garau. Wata rana ina jera masa magungunansa ya kunna faifai, sai na ji wata murya ta tsayar da ni cak. Na ce masa na san mai wannan murya, a motar mijina yake zaune. Ya ce ƙwarai, ɗaya ne daga cikin huɗun, amma nan shi kaɗai ne. Ya nuna mini kanta guda cike da irinsu, na kowa da layinsa. Da na ba shi labarin dokarka, dariya ya yi har sai da na miƙa masa ruwa.

Ya ce in ara in tafi da su gida. Ya zaro ɗaya ya ce da wannan ake farawa, na mai zaƙin murya. Na tambaye shi wane ne babba a cikinsu. Bai gane ba, ya ɗauka wanda ya fi suna nake nufi. Na ce a'a, a shekaru. Ya yi tunani ya ce mai gangar ne. Na ce to shi za ka ba ni. Ni 'yar Kano ce, ba a koya mini in shiga gida in tsallake babba in gaida ƙanensa ba. Tsoho ya kama baki, ya ce tunda yake bai taɓa ganin wanda ya fara da mai ganga ba.

Kada ka ɗauka wata dabara na shirya. Tunanina kawai, idan yarinyar nan tafiya za ta yi, bari in ji abin da ya haɗa ku, ko da ta ƙofar baya ce. Amma can ƙasan raina ina fatan ƙarar ta kai ɗakinta.

Ranar Asabar da rana ina haɗa miyar kuka na sa faifan a tsohon rediyonka da ke kan firij. Ka gafarce ni, Abban Hafsa, mutumin nan ba shi da wata murya. Kamar kawun da aka matsa wa ya yi waƙa a wurin biki, ya tashi ya yi don kada a ji kunya. Amma akwai fara'a a cikin muryar, har na tsinci kaina ina kaɗa ludayi.

A waƙa ta uku ƙofarta ta buɗe. Ta tsaya a bakin kicin tana kallon rediyon, sannan ta kalle ni, ta ce, "Umma, nobody starts with the drummer!" Wai ba wanda yake farawa da mai ganga. Rabon da ta yi mini magana mai tsawon haka har na manta. Na gaya mata dalilina, cewa shi ne babba. Na ga dariya tana so ta ƙwace mata, ta danne. Sai fuskarta ta canza, ta ce a hankali, "Abba ya ce a'a."

A nan na gane komai. Ashe ta daɗe da sanin waɗannan waƙoƙi suna nan, duk suna cikin wayarta in ta so, taɓawa ɗaya ce. Ƙin ji ta yi saboda kai ka hana. Ta saurari kwalinka har ya ƙare mata, ta zo daidai inda ka ja layi, ta tsaya a wurin fiye da shekara, don tana ganin idan ta ƙetare ta ci amanarka. Wallahi ranar na ji haushinka. Wasa kake yi da dokar nan rabi da rabi, ita kuwa ta ɗauke ta wasiyya.

Na ce mata ubanki mutumin kirki ne, amma ba duk abin da ya ce a'a ba ne yake a'a. Shi ne ya ce ba ya cin albasa, na yi shekara goma sha bakwai ina markaɗa masa ita a miya yana neman ƙari. To, ka ji laifi na biyu, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce. Hafsa ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, na kashe gas na rungume ta muka zauna a ƙasan kicin. Mai ganga bai san abin da ake ciki ba, ya ci gaba da waƙarsa har faifan ya ƙare.

Asabar ta gaba ita ta fito da kanta. Ta ce in za a yi, a yi da tsari, amma ta yarda a bi nawa, daga babba zuwa ƙarami. Sai muka ɗauko na biyu, mai kaifin harshen nan da kake cewa shi ne shugaba. Wannan bai zo da wasa ba. Ihu yake yi a wasu wuraren, ihun mutumin da abu ya daɗe yana cin sa. Na sa ta fassara mini, tana yi da Hausarta ta Bronx, rabi nan rabi can, har na fahimci iyayensa yake kira.

Ba mu kai ƙarshensa ba ta kashe. Ta gaya mini abin da ta daɗe tana ɓoyewa, cewa Lahadinka ta ƙarshe ta ƙi bin ka titi na 116, ta tafi wurin ƙawayenta, kuma tun ranar take ganin ka tafi kana fushi da ita. Na gode wa Allah da ya sa ina cikin motar a ranar. Na faɗa mata abin da ka ce kana kallon kujerarta babu kowa: "Yarinya ta girma, Alhamdulillahi, har ta fara gudun mu." Da murmushi ka faɗa. Ta sa na maimaita mata sau uku.

Na ukun shi ne mai zaƙin muryar da tsoho ya so in fara da shi. Wannan matarsa yake ta yabo, waƙa bayan waƙa, ba ya gajiya. Da ka saurare shi da ka ƙaru, kai da iyakar yabonka shi ne "abincin ya yi."

Ƙaraminsu kuwa, mai shiru-shirun nan, shi ne nawa. Hafsa ta ce lokacin da suke tare ba a cika ba shi fili ba, waƙa ɗaya ko biyu ake bar masa, sai ya yi ta ajiye nasa a gefe. Da aka rabu ya fito da su tuli guda. Jitarsa ba ta hayaniya, ja take yi a hankali har ta shiga jikin mutum. Ni da nake cewa ku rage, yanzu ni ke cewa a ƙara.

Zan ba ka gaskiyarka. Babu ɗayansu da shi kaɗai ya kai abin da suke yi tare, wasu waƙoƙin ma tsallake su muke yi. Amma na ji mutanen da abu mai girma ya ƙare musu, kowa ya tashi da abin da ya rage masa ya koma bakin aiki. Wannan ya taɓa ni, don abin da nake ƙoƙarin yi ke nan tun da ka tafi, kuma ba kullum nake iyawa ba. Ina kewarka sosai, Abban Hafsa.

Hajiyar Kumasi da ke samanmu ta tare ni a matakala ta ce, "Maman Hafsa, wannan kiɗa da nake ji ba ya kai wa mamaci lada fa." Na ce gaskiya ne, Hajiya. Naka yana nan daban, addu'a bayan kowace salla da sadakar abinci da muke kaiwa masallaci duk Juma'a. Kiɗan namu ne, mu da muka saura.

Da muka gama na huɗun tsoro ya kama ni. Mutum huɗu, Asabar huɗu, an gaida kowa, me ya rage? Na mayar wa tsoho faya-fayansa.

Jiya da safe na shiga kicin zan ɗora shayi, sai na ga takarda manne a jikin firij, da rubutunta. Ta jera ranakun Asabar, kowacce da faifan da za mu ji, don kowannensu yana da su da yawa. Na sa yatsa ina bi. Afrilu, Mayu. Da na zo Yuni sai da na tsaya na yi bisimilla kafin na sauke yatsan. Akwai Yuli. Akwai Agusta. Takardar ba ta ƙare ba sai a Asabar ɗin ƙarshe ta Disamba.

Ba ta ce mini ta fasa tafiya ba, ni ma ban tambaye ta ba, na koyi kama bakina ko da a makare ne. Na dai tsaya a gaban firij ɗin ina ta karantawa, har ta fito da jakar makaranta, ta gan ni, ta ce in gaya wa tsoho za mu daɗe muna aro.

Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Allah Ya raya mana Hafsa, Ya shirya ta, Ya bar mini ita kusa har lokacin da za ta tafi da daɗin rai. Ka yafe mini dokar da na karya. Ita ce ta dawo mini da 'yarka.

Taka har kullum,
Maman Hafsa
Morrisania, Bronx