Zuwa ga Arzika, a kan saƙon da na riƙe kwana goma

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Hajara da yara. Ya Yamai, ya aiki? Mu nan Dogon Dutsi sai godiya, an yanke gero, an koma lakkwal, makaranta ta buɗe.

Za ka yi mamakin ganin wasiƙa a takarda alhali lambarka tana cikin wayata. Sau uku ka kira ni makon jiya ban ɗauka ba. Na ji kiran sarai. Ina kallon sunanka har wayar ta yi shiru.

Ka tuna Tibiri, shekararmu ta farko a koyarwa, kai kana faransanci ni ina lissafi. Baba Maizama, tsohon ma'aikacin gidan waya, shi ya zaunar da mu a zaurensa ya ce kartar belot wasan masu gaggawa ce, zai koya mana birij. Mutum huɗu, biyu-biyu, kowa da karta goma sha uku. Abokin wasanka yana zaune gabanka amma ba ka da ikon ce masa uffan. Ɓangare ɗaya ya yi alkawarin cin zagaye kaza, ɗayan ya tsaya tsaro don ya hana shi cikawa. Ni na riga ka ganewa, Arzika, kuma ka sani. Wata biyu ina ƙirga kartar da ta fita, kai kana ta jefa sarki inda bai kamata ba.

Da aka maido mu lise, babbar sakandare ta nan, tare muka je wurin shugaban makaranta neman aji ɗaya na birij ran Laraba da yamma. Ni na rubuta takardar, ni na zana allon. Amma har yau, shekara biyu da ɗauke ka zuwa Yamai, "wasan Mushe Arzika" yaran suke cewa. Har waɗanda ba su taɓa ganinka ba.

Na san dalili. Ni ƙirga nake koya musu, nawa suka fita, nawa suka rage, su yi ta hamma. Kai kuwa sai ka ja kujera ka zauna cikinsu, ka ɗaga ƴar ƙaramar karta ka ce: "Abokinka makaho ne a kan abin da ke hannunka. Wannan da kake shirin yarwa ita ce sandarsa." Sai kowa ya gyara zama. Na gwada faɗin maganar nan bayan tafiyarka. A bakina ba ta zauna ba, wani yaro ma gyara mini ita ya yi.

Sannan ga hoton da ka sa kwanaki, kai da wani mai tabarau a teburi, ka rubuta a ƙasa wai ba ka taɓa samun abokin wasa kamarsa ba. Shekara tara ina zaune gabanka. Ko yadda ka ajiye karta na gani, na san abin da ke ranka. Na buɗe hoton nan ya fi sau goma ina neman aibin mutumin, ban samu ba sai dai hularsa ta karkace.

Amma duk wannan ba shi ya hana ni ɗaukar waya ba. Maganar Balkisa ce.

Ka bar ta tana ƴar aji na farko mai jin kunyar riƙe karta. Yanzu babu wanda ya kai ta tsaro a ajin. Bana yayanta Sanusi, mai shagon kayan waya a bakin kasuwa, ya ce ba za ta ƙara zuwa ba, karta caca ce. Sau uku na je shagonsa. Na yi masa bayanin cewa ko dala ba a sawa, na nuna masa yadda lissafinta ya gyaru. Ya ba ni kujera, ya ba ni ruwa, ya saurare ni da ladabi, ya ce in yi haƙuri.

Sai ta kira ka, kai kuma ka yi magana da shi. Ban san me ka faɗa masa ba, kuma ba ka ga ya dace ka gaya mini ba. Laraba ta zagayo sai ga Sanusi ya kawo ta da kansa a kan babur, ya zauna a bayan aji yana kallo har muka tashi. Da zai tafi ya miƙo mini hannu ya ce in gaida masa Mushe Arzika. Na ce zai ji. Ya kamata in yi murna. Na koma gida, matata Rabi ta ajiye mini tuwo, na kasa ci.

Bayan kwana biyar saƙon muryarka ya shigo: in gaya wa Balkisa kana so ta zo Yamai lokacin hutu, ta sauka wurin Hajara, ta zauna gabanka ku yi wasa da manya. Na saurara sau ɗaya, na rufe. Kwana goma ina haɗuwa da yarinyar nan a farfajiyar makaranta, ta rusuna ta gaishe ni, in amsa in wuce. Na ce wa kaina hutu da saura. Ƙarya nake. Ba na so ta je ta dawo sunanka ya ƙara cika mata baki.

Jiya Laraba mutum ɗaya bai zo ba, sai na zauna na cike teburi. Ni na ɗauki alkawari, Balkisa tana tsaro. Na fitar da sarki don in jawo babbar kartarta, ta ƙi sakinta. Na sake, ta ƙi. Sai da na rasa hanyar komawa ga kartocina masu ci, sannan ta ajiye ta a hankali, alkawarina ya rushe a gaban yara. Na tambaye ta ko a waya ka koya mata wannan. Har yanzu ina jin kunyar muryar da na yi tambayar da ita.

Ta dube ni da mamaki ta ce: "Mushe, ai ku kuka ce in riƙa ƙirgawa."

Yau da safe na kira ta ofis na faɗa mata saƙonka, na kuma faɗa mata tun yaushe yake hannuna. Ta yi godiya kawai. Daga nan na wuce shagon Sanusi. Ban gama ambaton sunanka ba ya ce ya yarda. Wannan ma ya sosa mini rai, ba zan ɓoye maka ba.

Za ta zo. Tana da saurin fushi idan abokin wasanta ya yi kuskure, kada ka yi mata dariya a gaban mutane. Ka bar ta ta yi tunani, tana daɗewa amma ba ta ɓata. In ta dawo ta fi ni, na san za ta fi ni, ka ba ni lokaci in saba.

Allah ya jiƙan Baba Maizama. Allah ya tsare ka da iyalinka, ya kai yarinyar nan lafiya ya maido ta lafiya, ya wanke mini zuciya daga ƙyashin ɗan'uwana. Ka sake kira, zan ɗauka.

Naka, duk da haka,
Gado