Sulallan Hiba

Ummu Hiba, assalamu alaikum. Ina ɗawainiyar gida? Yaya ƙafar Inna? Ruwa ya iso gonarmu ta Suki kuwa?

Ni lafiya lau a Jidda. Aikin gini ne, zafin ma an saba. Kafilina, maigidan da ya ɗauko ni aikin, bai ba ni fasfona ba tukuna, amma ya ce an kusa.

Ga sulallan riyal guda ashirin na ba Attahiru, da yake zai zo gida, ya kawo wa Hiba, tunda kin ce ba ta taɓa riƙe sule ba. Ki zuba mata a gwangwanin shayi. Kowace Juma'a ta ɗauki ɗaya ta sa a kofi, ta ƙirga na kofin, ta ƙirga saura. Ki ce ranar da gwangwanin ya ƙare zan dawo.

In saura biyu ban iso ba, ki mayar da uku a ɓoye. Na san kanta na ja. In ta ƙirga ta kama ki, kada ki musa. Ki ce Abba ne ya sa ki, kuma ya ji daɗi da ta iya.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Naki, Sadisu