Ba Keke Ne Ya Kashe Baba Falwaya Ba

Cikin alhini, amma kanmu a ɗage, Ƙungiyar Mahaya Keken Dogon Zango, a madadin Mai Girma Uban Ƙungiya, da Shugaban Kwamitin Amintattu, da ɗaukacin 'ya'yanta maza da mata, ta samu labarin rasuwar Mai Girma Jagoran Tafiya, dattijonmu, tsohon mai walda, wanda kowa ya sani da Baba Falwaya, wanda Allah ya karɓi ransa da hantsin Talata, a kan gadonsa, maiɗakinsa na riƙe da hannunsa. A kan gadonsa muka ce, kuma da gangan muka faɗa.

Shekara shida ke nan da aka yanke wa marigayin wani sashe na hanji saboda sankara. Ya fito asibiti wandonsa ba ya zama sai da igiya, ko gudumar shagonsa ba ya iya ɗagawa. A haka ya zo ofishinmu neman rajista, mu kuma, ba kunya, muka ce ya je ya huta, kada ya mutu a hannunmu. Ya kaɗe ƙurar tsohon kekensa, ya tuƙa daga ƙofar gida zuwa falwayar wuta ta farko, ya sauka ya yi amai, ya turo keken ya dawo. Washegari falwaya biyu. A watannin farko kullum ɗaya yake ƙarawa, ko jiki ya yi daɗi ba ya ƙara biyu. Bayan shekara uku, a wata doguwar tafiyar ƙungiya, ya cinye kilomita dubu da ɗari biyu cikin kwana huɗu, ya riga rabinmu da muka kore shi isowa.

Daga nan ya tattaro mutum tara masu murmurewa daga manyan cututtuka, ya ɗora su kan wannan tsari nasa, kuma bai taɓa barin ɗayansu ya hau keke ba sai ya ga takardar likita da idonsa.

To, ga abin da ya ƙona mana rai. Tun ba a nannaɗe tabarmin gaisuwa ba, wasu da ko tudun layinsu ba sa iya hawa sai da haki suka fara yaɗa wai keke ne ya ƙarasa shi. Ƙarya ce. Da izinin maiɗakinsa muke sanar da jama'a cewa cutar ce ta dawo, ta kama hanta, kuma wata biyar ke nan da ya rataye kekensa bisa umarnin likita. Amma surutun ya riga ya yi ɓarna: shida daga cikin taran nan iyalansu sun kulle musu kekuna. Wata malamar makaranta da ta tashi daga shanyewar ɓarin jiki, wadda yanzu take yin kilomita arba'in, ɗanta ya kwance tayar gaba ya ɓoye, ta koma zaman tagumi a bakin taga.

Muna miƙa ta'aziyya ga uwarmu maiɗakinsa, da 'ya'yansa huɗu, da abokan sana'arsa. Allah ya jiƙansa, ya sa jinyar ta zama kaffara, ya ba iyalinsa juriyar da shi kansa ya koya mana.

Ga iyalan mutum shidan nan kuwa, mun san ƙauna ce ta sa ku, ba mugunta ba, mu ma irin wannan tsoron ne ya taɓa sa muka kori mamacin. Likitar da ta yi jinyarsa ta amince za ta zauna a ofishinmu ranar Asabar da safe, duk mai tambaya ya zo ya yi mata da bakinsa. Kai kuma ɗan Malama, ka mayar wa mahaifiyarka tayarta. Sifana mai lamba goma sha biyar ce take ɗaure ta. In ba ka da ita, zo ka ara.

Sa hannu:
Mai Faci,
Kakakin Ƙungiyar Mahaya Keken Dogon Zango.