Aljihun Jacket

Alhamis, wajen ɗayan dare

Barci ya ƙi zuwa. Tun da yaran nan suka ɗora min wuƙa a wuya a bus stop na Cheetham Hill, ba abin da nake karantawa sai bindiga. 'Yan sanda kuwa crime number suka ba ni. Lambar ce za ta tare min wuƙa?

Yau na je Birmingham wajen mutumin da abokina Sani ya haɗa mu. Biyu ya nuna min a waya, na zaɓi ƙaramar, wadda za ta ɓace a aljihun jacket. Na san dokar ƙasar nan sarai, ko ba ka harba ba prison ne. Na ce Asabar zan karɓa.

Daga nan na biya Balsall Heath gaida Yaya Hadiza. Ko zama ban yi ba 'yarta Ummi ta rugo ta zura hannu cikin aljihun nan neman tsaraba, yadda na sabar mata.

"Kawu, it's empty! Marowaci!"

Yaya na ta dariya, ni kuwa na bi aljihun da kallo. Shekararta huɗu, ba ta tambaya kafin ta zura hannu.

Wallahi har yanzu haushin yaran nan na cina. Amma na rubuta wa mutumin na fasa. Ga shi can yana typing.