Kwalbar Inna a Barga

Yaya Bushayib,

Na wuce kasuwa kana barci. Na tsinci kwalbar a barga, babu ko ɗigo. Ruwan furen lemon da Inna ta haɗa da hannunta kafin ta rasu, shi ka juye wa dokinka a bokiti, wai don ya daina firgita da ƙarar bindiga ranar sukuwa. Ni ko ranar da zuciyata ta ƙi kwanciya ban sha ba, murfin kawai nake shinshinawa.

Dokin nan lafiyarsa ƙalau. Tun faɗuwarka a bikin bara hannunka ke rawa a kan linzami, shi kuwa yana ji.

Kwalbar tana kan taga. Kada ka wanke ta, har yanzu tana ƙanshi.

Mbarka