Kibod Uku da Burtalin Baffa Lawal

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Aikin farko: kai wa Emma mai gyaran kwamfuta tsohon kibod ya duba.

Bai ma buɗe shi ba. Ya kife shi, ya girgiza, ɓawon gyaɗa ya zubo, ya ce, "Oga Musaddiƙ, wannan sai dai a yi masa sutura." Shekara shida ina buga wa mutane takardu da shi a shagona na bakin kotu. Maɓallai huɗu sun daina amsawa sai an danne su kamar ana kashe kunama.

Ya ba ni aron sababbi guda uku in gwada mako ɗaya, in zaɓi ɗaya. Duk cikakku ne, da ɓangaren lambobi a dama, duk masu waya, don na ce masa ba na son abin da zai nemi batir ina tsakiyar wasiƙa. Ya ce irin waɗanda masu wasan kwamfuta ke saye ne, kowane maɓalli da nasa sifirin a ƙasa. Ya cire hular maɓalli ɗaya daga kowanne ya nuna mini cikinsu: ja, ruwan ƙasa, shuɗi. Jan shiru yake. Ruwan ƙasan yana da ɗan tudu da yatsa ke ji. Shuɗin kuwa surutu.

Na ja layi a bayan wannan littafi: gudu, kuskure, gajiyar yatsa, ƙara. Kada in zaɓa da ka, in zo ina da na sani kamar lokacin firinta.

Talata, 7 ga Mayu

Ja. Kalma arba'in da ɗaya a minti, kuskure huɗu. Taushi gare shi, ko numfashi ka yi a kai sai harafi ya fito. Fitilunsa na ta canja launi kamar a-daidaita-sahu ranar biki, na kashe su.

Da hantsi wata mata, Dela, ta kawo mahaifinta. Baffa Lawal, dattijon Fulani daga ƙasar Gwiwa, yanar ido ta rufe masa gani gaba ɗaya. Kwamitin sulhu zai zauna ranar Alhamis ta makon gobe kan burtalin da shanunsu ke bi zuwa mashaya, wanda gonaki suka cinye. An ce wanda ya san tsohuwar iyaka ya kawo bayaninsa a rubuce. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka taka ta da ƙafa ranar da aka kafa duwatsu.

Da ya ambaci tsamiya biyu na gane burtalin. Na garinmu ne. Na ci gaba da bugawa.

Aikin bai yi sauri ba. Ya yi jimla biyu sai ya tsaya. "Ɗana, kana rubutawa kuwa?" In ce ina yi. Ya ƙara biyu, ya sake tsayawa. Ya ce da can in ka je gun mai tafireta kana jin maganarka tana shiga takarda, yanzu kamar kana zuba ruwa a rairayi. Dela ta ce, "Baffa, zamani ne." Ya ce, "Zamanin ba shi da baki?"

Shafi ɗaya kacal. Za su dawo gobe.

Laraba, 8 ga Mayu

Yau ranar ruwan ƙasa ce bisa tsari, amma na makara, na bar jan a jone.

Baffa ya shiga sunaye. Wane ya shiga burtali taku shida ta yamma, wane taku ashirin. Mutum tara. Na bakwai ya ce, "Sale Mai Rediyo, Allah Ya jiƙansa, taku goma sha biyu ta gabas, daga tsamiya zuwa jan suri."

Babana.

Na buga. Yatsu ne suka buga, ni ban san inda nake ba. Ya nemi ruwa, Dela ta miƙa masa, yana sha na ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa, layin ya tafi. Ko motsin sauro bai yi ba. Na gyara lambobin, tara ta koma takwas.

Wannan gefen na gabas shi ne inda geron Inna ya fi kyau.

Alhamis, 9 ga Mayu

Ruwan ƙasa. Arba'in da uku, kuskure biyu. Ɗan tudun yana gaya wa yatsa harafi ya shiga, ba sai ka kai ƙasa ba. Lambobinsa sun yi mini daɗi da na buga wa wata makaranta jerin sakamako. Bisa layin da na ja, shi ke gaba.

Ba su zo ba yau, Baffa ya gaji.

Na lissafa yadda abin zai tafi. Ranar ƙarshe zan karanta masa duka kafin ya dangwala, haka ake yi. Shi ba ya gani, Dela ba ta yi boko ba. In na zo gurin, sai in karanta layin da baki, kamar yana nan. Ya dangwala. Shi ke nan.

Na rubuta wannan ne don in ga yadda yake a takarda. Ba shi da kyau.

Juma'a, 10 ga Mayu

Shuɗi. Talatin da tara, kuskure biyu. Nauyi kaɗan, ƙara da yawa. Kowane maɓalli sai ya ce ƙas. Emma ya leƙo daga shagonsa yana dariya: "Oga, an buɗe injin casa ne a nan?" Ya ce masu wasan kwamfuta ba sa son shi, yana rage musu sauri, kuma matansu na korar su falo.

Ni kuwa ya tuna mini Malam Toma, wanda ya koya mini tafireta a ƙarƙashin darbejiyar kotu bayan na gama sakandare. Yakan juya mini baya yana cin rake, ya ce, "Ka yi kuskure a layi na uku." Da kunne yake ji. Dokarsa ɗaya ce, abin da baki ya faɗa shi yatsa zai buga, kai ba alƙali ba ne.

Suka zo kafin masallaci. Ina fara bugawa Baffa ya gyara zama, ya ce, "Yauwa. Yau an kawo mai baki." Ya yi ta zuba kamar an buɗe famfo. Shekarar da aka kafa duwatsu, wanda ya riƙe igiya, sunan bijimin da ya fara bi. In na tsaya ya jira, in na ci gaba ya ci gaba. Shafi uku cikin sa'a ɗaya. Ban taɓa jin daɗin aiki da wani haka ba.

Sai ya ce a sake jera sunayen a ƙarshe, kowa da takunsa, don kada manya su wahala nema. Ya faro daga na ɗaya. Ya zo na bakwai. Na buga, don yana saurare. Ya juya yana tambayar Dela sandarsa, na ce ga dama. Na manta ba jan ba ne a gabana.

Ƙas, ƙas, ƙas, ƙas, wuri ɗaya.

Ya daina neman sandar.

"Wannan ba tafiyar rubutu ba ce," ya ce. "Rubutu yawo yake yi. Wannan ƙofa ɗaya ake ƙwanƙwasawa. Me ka share?"

Na ce kuskure ne, Baffa.

Ya ce, "To."

Ya faɗi na takwas da na tara, ya miƙe. A bakin ƙofa ya ce Talata zai zo a karanta masa ya sa hannu. Bai ƙara komai ba. Da ma ya zage ni.

Asabar, 11 ga Mayu

Ban gwada komai ba.

Lahadi, 12 ga Mayu

Na hau babur na je gida. Zafi kamar a soya ƙwai a kan tanki. An gama sharar gona, ana jiran ruwa.

Kafin in shiga gari na tsaya a tsamiya. Na taka daga gindinta zuwa jan suri. Goma sha biyu, har da ɗan ƙari, ƙafata ba ta kai ta mutanen da tsawo ba. Na sake takawa ko zai ragu. Abin da ya rage na burtalin bai fi a bi da amalanke ɗaya ba. Ta yaya garke zai wuce nan bai taɓa shuka ba? Bara nan aka fasa wa wani makiyayi kai, ni ma har da ni a masu cewa Fulani ba sa jin magana.

Inna tana tsince wake. Na zagaya, na zagaya, na tambayi ciwon ƙafarta sau biyu. Ta ce, "Auta, in maganar ta yi maka nauyi ajiye ta a ƙasa." Na ce gefen gabas, asalinsa namu ne?

Ta ci gaba da tsintar waken.

"Shekarar da shanu suka mutu ne. Burtali ya zauna ba mai bi. Mahaifinka ya ce aro ne, in dabbobi sun dawo zai janye." Ta watsar da tsakuwa. "Suka dawo, yana ta cewa baɗi."

Na ce wa ya san da wannan? Ta ce, "Ni da Allah. Da mai shanun da ya roƙa."

Ban gaya mata dalilin tambayar ba. Ta cika mini leda da wake.

Litinin, 13 ga Mayu

Na haɗa sakamako. Ruwan ƙasa ya ci gudu, ya ci gajiyar yatsa, sun yi kunnen doki da shuɗi a kuskure. Ja ya ci ƙara, wato rashinta. Shuɗi bai ci komai shi kaɗai ba. A takarda maganar ta ƙare.

Emma ya tambaya, na ce ya ba ni zuwa jibi. Ya ce, "Oga, kibod ne fa, ba aure ba."

Abin da nake ta juyawa: wannan taku goma sha biyu ya kai buhu biyu na gero a shekara mai kyau. Sunan Baba kuma za a karanta shi a gaban mutanen gari, cikin masu cin hanya, shekara goma sha ɗaya bayan rasuwarsa. Yayyena za su ce da hannuna na rubuta. In kuma na bar shi a goge, mutum takwas za su janye, mu mu zauna, burtalin ya toshe a daidai gonarmu kamar ƙashi a maƙogwaro.

Zan iya ce wa Dela su kai wa wani ya ƙarasa. Wannan ma wata gogewar ce.

Talata, 14 ga Mayu

Da safe na jona ja. Na zauna ina kallon sa. Na cire, na jona shuɗi. Ban san na yanke shawara ba sai da na ga wayar a hannuna.

Suka zo wajen goma. Bayan gaisuwa na ce, Baffa, akwai layi biyu da suka faɗi, zan mayar kafin in karanta. Ya ce, "Mayar." Na buga a hankali, harafi ɗaya ɗaya, a shafi na biyu da kuma a jerin ƙarshe. Sale Mai Rediyo, taku goma sha biyu ta gabas. Shagon ya yi tsit, sai ƙas, ƙas. Ya karkato kunne har na gama.

Na karanta masa duka, shafi biyar. Na bakwai ma na karanta shi kamar sauran.

Ya ce, "Muryar ubanka gare ka. Tun ranar da ka amsa sallama na ji ta."

Na ce ashe kun sani.

"Masu buga takarda nawa ne a Kazaure? Na ce wa Dela ta kai ni gun ɗan Sale. In ɗan Sale ya buga, wa zai ce na yi wa mamaci ƙazafi?"

Dela ta ce, "Ni na ce masa kada mu zo."

"Ita ta ce za ka share. Na ce zai share, sa'an nan ya mayar. Uban ma da ya yi tsawon rai da ya mayar." Ya juyo wajena. "Ƙara layi ɗaya. Rubuta: Sale bai ƙwata ba, ya zo har ruga ya roƙa, ni na ce ya noma kafin shanu su dawo. Sauran takwas ba wanda ya roƙa."

Na buga. Kuskure uku a layi ɗaya, ban taɓa yi ba. Duk gogewar da zan yi sai na faɗa masa tukuna, yana cewa, "Na ji, share."

Na kama babban yatsansa na kai kan tawada, na kai kan takarda. Hannun ba nauyi, kamar busasshen kara.

Laraba, 15 ga Mayu

Na mayar wa Emma ja da ruwan ƙasa. Ya ce, "Duk wannan layin da ka ja, ka ɗauki na ƙarshe?" Na ce tsofaffi sun fi sakin baki da shi, aiki ya fi sauri. Gaskiya ne, ai. Ya ce in kunnena ya mutu kada in zo masa.

Gudu yau arba'in. Zai ƙaru in hannu ya saba.

Na lura da wani abu. Wata mata ta kawo ƙorafi kan maƙwabcinta, ta faɗi wata kalma mai kaushi, na kai yatsa zan sauya mata da ta ofis kamar yadda na saba shekara da shekaru. Sai na tambaye ta tukuna. Ta ce a bar ta yadda ta faɗa. Na bari.

Hadari ya haɗu ta gabas da la'asar, bai zubo ba.

Gobe:
Mai a babur tun da sassafe.
Kwafi uku na bayanin Baffa, ɗaya a leda saboda ruwa.
Biyawa ta gun Inna kafin a zauna, ta ji daga bakina.
Yayyena. Ban san ta inda zan fara ba.
Igiya da turaku huɗu, daga tsamiya zuwa jan suri.
A ce wa masu shuka kada su taɓa gabas.
Tambayi Emma yadda ake kashe fitilun shuɗin nan gaba ɗaya, shi ma yana da su.